Wa ke zaɓen launin fuskar yaranmu a hoto?

Idan lokacin haɗa dosiyen birbe da bak ya zo, ko shagalin ƙarshen shekara, masu hoto sukan cika harabar makarantu daga Maraɗi har Damagaram. Yara su jeru a gindin bango, a ɗauka, bayan kwana biyu a kawo hotuna cikin ambulan. Duk malamin da ya taɓa zama yana liƙa waɗannan hotuna a jikin takardu ya san abin da zan faɗa. Da yawansu ba launin yaran ba ne. Yarinya baƙa ta fito wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ta fito fara sol kamar ba ta taɓa shiga ranar Tawa ba. Wani lokaci kuma akasin haka ake samu, fuska ta nutse cikin farin hijabi, ido da haƙora kaɗai ake gani. A tambayi mai hoto, amsarsa ɗaya ce: haka kyamara ta ba da.

Wannan amsa ce nake so mu daina karɓa. Kyamara ba ta ba da launi. Mutane ne suka zauna suka tsara yadda launin zai fito, wasu a Tokyo, wasu a Kaliforniya, wasu a Shenzhen, na ƙarshensu kuma yana zaune a ɗan shagonsa na bakin kasuwa gaban kwamfuta. Tunda zaɓi ne, iyaye da malamai suna da ta cewa.

Sai na ɗan shiga cikin kyamarar kafin maganar ta fito sarai, a yi mini haƙuri.

Manyan kyamarori irin na Canon da Nikon da Sony suna iya ajiye hoto iri biyu. Akwai JPEG wanda kowa ya sani, dafaffen hoto da kyamara ta riga ta sa wa gishiri da yaji. Akwai kuma ɗanyen hoto, wanda sunansa ke ƙarewa da CR2 ko CR3 a Canon, NEF a Nikon, ARW a Sony. Shi ɗanyen, tarin lambobi ne kawai. Farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara bai san launi ba, kowane ɗigo a jikinsa yawan hasken da ya sauka kansa yake ƙirgawa. Don a samu launi sai aka lulluɓe farantin da ƴan mitsi-mitsin gilasai, rabinsu kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Wani ma'aikacin kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ne ya ƙirƙiro wannan tsari, aka yi masa rajistarsa a 1976, kuma har yau shi ne a cikin mafi yawan kyamarori da wayoyi. Ke nan kowane ɗigo launi ɗaya ya gani cikin uku. Sauran biyun manhaja ce take ƙiyasta su daga ɗigon da ke maƙwabtaka da shi.

Ba a nan aikin ya tsaya ba. Jan gilashin Canon daban yake da jan gilashin Nikon, kuma babu ɗaya cikinsu da ya zo daidai da yadda idon ɗan Adam ke ganin ja. Saboda haka ana buƙatar wani jadawali da zai ce, lamba kaza daga wannan kyamara, ga launin da take nufi. Wannan jadawali shi nake kira ma'aunin launi. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san idan aka ce tiya 20 ba a gama magana ba sai an san tiyar wa, don tiya ba ɗaya ba ce daga hannu zuwa hannu. Haka lambobin hoto suke. Ja 200 ba shi da ma'ana sai an san da wane ma'auni aka auna.

To, ina ma'aunin yake? A nan ne masu hoto da yawa suke rikicewa. Cikin ɗanyen hoto akwai lambobin da farantin ya ƙirga, akwai ɗan ƙaramin JPEG da kyamara ta dafa don a leƙa a gani, akwai kuma bayanin yadda aka saita kyamarar lokacin ɗauka. Hoton da mai hoto ke nuna wa yaro a bayan kyamara, wannan ɗan ƙaramin JPEG ɗin ne. Idan ya je shago ya buɗe da manhajar kamfanin da ya ƙera kyamarar, kamar Digital Photo Professional ta Canon ko NX Studio ta Nikon, za ta karanta saitin ta fitar da launi kusan irin wanda ya gani. Idan kuwa ya buɗe da Lightroom ta kamfanin Adobe, ko Capture One, ko darktable da RawTherapee waɗanda kyauta ake samunsu, kowace da ma'aunin da ta tanada wa wannan kyamara take aiki. Masu amfani da Lightroom sun san abin nan da ke faruwa, hoto ya bayyana da kyau, bayan ƴan daƙiƙu launinsa ya sauya a gaban idonka. Manhajar ce ta ajiye ɗan samfurin kyamara ta ɗora nata lissafin. Fuska ɗaya, rana ɗaya, manhaja huɗu, sai ka samu launi huɗu, kuma babu wadda ta yi ƙarya a cikinsu.

Kamfanonin ma ba sa son sakin sirrinsu. A 2005 an yi ta cece-kuce lokacin da aka gano Nikon ta kulle bayanin daidaita fari a cikin ɗanyen hoton kyamararta D2X, har wasu manhajoji suka rasa yadda za su karanta shi kai tsaye. Shekara ɗaya kafin nan, a 2004, Adobe ta fito da wani tsari mai suna DNG wanda kowa zai iya amfani da shi, kuma yana ba da damar a saka ma'aunin launin a cikin hoton kansa. Wayoyin da ke ɗaukar ɗanyen hoto galibi da shi suke ajiyewa. Duk da haka manhajar da ta buɗe hoton tana iya bin ma'aunin da ta tarar, tana iya ture shi gefe.

Akwai ma'auni na biyu, na fita, wanda shi ne ya fi ɓata hotunan makarantunmu ba tare da kowa ya yi niyya ba. Idan an gama gyara za a mai da hoto JPEG, sai an zaɓi tiyar da za a zuba shi. Wadda duniya ta fi sani ita ce sRGB, da kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996. Akwai wata da ta fi ta faɗi, Adobe RGB, ta 1998. Mai hoto ya ji an ce ta biyun ta fi ɗaukar launuka, sai ya saita kyamararsa a kanta. Ɗanyen hoto bai damu da wannan saiti ba, JPEG kaɗai yake shafa. Amma idan JPEG ɗin ya je hannun injin wanki ko manhajar da ba ta karanta ma'aunin da ke jikinsa, sai ta ɗauka sRGB ne, launuka su koɗe, jan da ke cikin fata ya mutu, yaro ya fito toka-toka kamar wanda ya yini a hunturu bai shafa mai ba. Gane wannan ba wuya. Kyamarori da yawa idan suna kan Adobe RGB sukan fara sunan hoton da ɗan layi a ƙasa, kamar _DSC ko _MG. Malamin da aka ba hotunan aji a kile, ya duba sunayen kawai.

Wani zai ce, to wannan ai matsalar sana'a ce, me ya kawo ta shafin malamai da iyaye? Abin da ya kawo ta shi ne, ma'aunin launi ba ya zama sai an gwada shi da fuskar wani, kuma an daɗe ba a gwada shi da irin fuskarmu ba.

Daga tsakiyar shekarun 1950 Kodak ta riƙa aika wa ɗakunan wankin hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, ana kiransa katin Shirley. Mai wanki zai yi ta daidaita injinsa har fatar matar nan ta fito daidai, daga nan duk hoton da ya biyo baya da wannan saiti za a wanke shi, ko na wane ne. Wata malamar jami'ar Concordia a Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin wannan tarihi a wani bincike da ta wallafa a 2009. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikinsa shi ne dalilin da ya sa kamfanin ya fara gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launuka masu duhu. Masu sayar da cakulan da masu sayar da kujeru da tebura na katako ne suka yi ƙorafi, cewa a hotunan talla ba a bambance cakulan mai duhu da mai madara, ba a bambance wannan icce da wancan. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka ga katin Shirley mai ɗauke da mata uku, har da baƙar fata.

Kar a ce fatar ce mai wuyar ɗauka. Wanda ya ga hotunan Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, ko na Philippe Koudjina da ya ɗauki samarin Yamai da ƴanmatanta bayan samun ƴancin kai, ya san baƙar fata tana da sheƙi da zurfi da matakai iri-iri idan ta samu wanda ya san haske. Da fim na baƙi da fari suka yi wannan aiki, da kayan da ba su kai na ƙaramar wayar yau ba.

Na'urar auna haske da ke cikin kyamara ita ma da nata zaton. An gina ta ne a kan cewa duk abin da ke gabanta, idan aka gauraya, zai ba da toka-toka matsakaici. A tsai da yarinya cikin farin hijabi a jikin farin bango da tsakar rana, na'urar za ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, fuskar ta tafi. A nan ɗanyen hoto yake da amfani na gaske. JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, ɗanyen hoto kuwa 4,096 ko 16,384, gwargwadon kyamara. Mai ɗanyen hoto zai iya ɗago fuskar daga duhu ba tare da ya ƙone farin hijabin ba. Wannan gyara ne mai kyau, kuma ina so a bambance shi da abin da nake ƙorafi a kai. Fito da fuskar da inuwa ta rufe, mayar wa yaro kamanninsa ne. Jan launin fatar zuwa rawaya ko ruwan hoda, da goge ta har ta zama kamar roba, wannan ba shi wata fuska ne. Maɓallan biyu suna kusa da juna a manhaja, amma kowane mai hoto ya san wanda ya taɓa.

Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, shi ya sa hoto yake da ƙarfin da magana ba ta da shi. A watan Yunin 1994 mujallu biyu na Amurka, Time da Newsweek, sun buga hoto ɗaya na O.J. Simpson wanda ƴan sanda suka ɗauka bayan an kama shi. Da aka jera su a wurin masu sayar da jaridu sai kowa ya ga na Time an ƙara masa duhu. Aka yi ca a kansu, sai da shugaban editocin ya rubuta wa masu karatu yana nuna nadama. Can an ƙara duhu ne ga wanda ake tuhuma da kisa, nan ana ƙara haske ga wadda ake so ta yi kyau. Tunanin da ke ƙarƙashin biyun ɗaya ne, kuma shi ne muke miƙa wa ɗiyanmu cikin ambulan muna biyan kuɗi.

Yanzu ma ba sai an je shago ba. Waya tana yin duk wannan aiki kafin ka ɗaga yatsa daga kanta, kuma ba ta tambayarka. A 2017 manhajar FaceApp ta fito da wani maɓalli da ta ce yana ƙara kyau, mutane suka lura abin da yake yi shi ne ƙara wa fata haske, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri ya ce hotunan da aka koyar da manhajar da su ne suka karkata. A ɗaya gefen, kamfanin Transsion na Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka ne da abubuwa da dama, ciki har da daidaita kyamarar wayoyinsa don ta ɗauki baƙar fata. Google ta biyo baya a 2021 da tsarin da ta kira Real Tone a wayar Pixel 6, a 2022 kuma ta karɓi ma'aunin launin fata mai mataki 10 na Ellis Monk, malami a jami'ar Harvard. Wannan ya nuna abin mai gyaruwa ne idan aka so. Sai dai a buɗe kyamarar gaba ta wayar da ke hannun ɗiyarku a duba, a wayoyi da yawa akwai saitin ƙara kyau da ke laushe fata, wani lokaci har da ƙara mata haske. Yarinyar da ta ɗauki kanta sau goma a yini ta fi ganin fuskar waya a kan fuskar madubi. Ranar da ta kwatanta biyun, wace za ta ɗauka ita ce ta gaskiya?

Ba na cewa hoto ne ya kawo bilicin. Son farar mace ya girmi kyamara a ƙasar Hausa, yana cikin zancen masu neman aure, yana cikin kirarin amare, finafinan Kano kuma sun zo sun ƙara masa wuta. Amma hoto ya yi wani abin da zance bai iya ba, ya nuna wa yarinya ita kanta da farar fata, ƙawayenta suna yabawa a ƙarƙashi. Tsakanin wannan hoto da kwalbar man shafe-shafe tafiyar ba nisa. Abin da ke cikin kwalbar kuwa ba wasa ba ne. Akwai mai ɗauke da haidrokwinon, akwai mai magungunan kumburi masu ƙarfi da ke siranta fata, akwai mai sinadarin makuri wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin yana lalata ƙoda. Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a 2015, Ruwanda ma ta bi shaguna tana kwashewa. Mu kuma muna yi wa ƴanmata wa'azi a aji su bar bilicin, sa'an nan mu liƙa musu hoton da aka yi wa bilicin a katin makaranta, da hatimin darakta a kai.

Akwai kuma hasarar da ta fi wannan kusa. Hoton dosiye an yi shi ne don wanda bai san yaro ba ya gane shi, mai tsaron jarrabawar da aka turo daga wani gari, ko jami'in da ke bakin shinge. Ranar da yaro ya ɓata, Allah ya kiyaye, hoton da ke gida shi ake watsawa a WhatsApp ana cigiya. Idan mutane suna neman farin yaro alhali wanda ya ɓata baƙi ne, kwalliyar ta zama cuta.

Masu hoto suna da nasu uzurin, kuma ba na raina shi. Za su ce idan suka kawo hoto da launin gaskiya, uwa ce za ta fara cewa an baƙanta mata ɗiya, gobe ta tafi shagon maƙwabci. Gaskiya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da ke neman abin cefane da hoton dala ɗari ko ɗari biyu ba shi zai gyara tunanin gari ba. Shi ya sa ban ɗora nauyin a kansa ba. Makaranta ce babbar mai saye. Mai hoton da aka ba yara ɗari huɗu a rana ɗaya zai bi sharaɗin da aka gindaya masa, kuma idan sharaɗin daga makaranta ya fito, ya samu abin da zai kare kansa da shi gaban uwar da ta zo ƙorafi.

Don haka ina ganin darakta da kwamitin iyaye su riƙa faɗa wa mai hoto tun kafin ya buɗe jakarsa cewa ba a yarda a sauya launin fatar yaro ba. A ɗauki hoton cikin inuwa mai haske, gindin bedi ko baranda, da hantsi ko bayan la'asar, a bar tsakar rana. A sa yaro na farko ya riƙe kati mai launin toka, ko allon nan mai murabba'i 24 da ake kira ColorChecker idan mai hoton yana da shi, don manhaja ta samu abin da za ta daidaita kanta da shi. Murabba'in farko a jikin wannan allo, tun da aka fito da shi a 1976, launin baƙar fata ne. A wanke hoto uku ko huɗu na gwaji, a kira yaran a riƙe hoton kusa da kuncinsu a waje, kafin a wanke sauran. Idan za a tura hotuna ta WhatsApp, a tura su a matsayin takarda, don hanyar da aka saba tana matse hoto ta rage ingancinsa. Mai hoton da ke da babbar kyamara ya ajiye ɗanyen har ƙarshen shekara. Ba don ɗanyen shi ne gaskiya tsantsa ba, tunda mun ga shi ma sai an fassara shi, sai don yana nuna daga inda aka taso. Gasar World Press Photo da shi take duba hotunan da suka kai matakin ƙarshe, kuma a 2015 ta fitar da kusan 20 cikin 100 na waɗanda suka kai zagayen kusa da na ƙarshe saboda gyaran da ya wuce iyaka.

Ga malaman kimiyya kuma, akwai darasi a nan wanda ba ya cin ko tamma. Muna koyar da haske da launi a allo da alli, yara suna hardacewa. A ari waya uku na kamfani daban-daban, a tsai da ɗalibi ɗaya wanda ya yarda, a ɗauke shi a wuri ɗaya lokaci ɗaya, a jera wayoyin a kan tebur kusa da hannunsa. A sake ɗauka a rana, a inuwa, da ƙarƙashin fitilar aji. A kunna saitin ƙara kyau, a kashe. Sa'an nan a ajiye wani ƙyalle mai shuni, irin na marina, a ga yadda wata wayar za ta mai da shi shuɗi, wata ta ja shi wajen jar garura. Ƴan aji su rubuta abin da ya sauya a kowane hoto, su faɗi abin da suke zaton ya sauya shi. Kafin a tashi, kowa ya koyi inda ake kashe wannan saiti, don in ya koma gida ya nemo shi a wayar yayarsa da ta mahaifiyarsa.